Aachen: Garin da Ake Auna Digiri da Awannin Aiki

A shekara ta 802 aka shigo da wata giwa garin Aachen, kyautar Halifa Haruna Rashid na Bagadaza ga Sarki Charlemagne. Sunanta Abul Abbas. Sarkin ya mai da wannan gari mazauninsa ne saboda maɓuɓɓugan ruwan zafi da ke ƙarƙashinsa, kuma har yau idan ka ratsa ta Elisenbrunnen a tsakiyar gari warin farar wuta zai tare ka kafin ka ga famfon. Majami'ar da ya gina tana nan tsaye, an naɗa sarakunan Jamus kusan talatin a cikinta, ita ce kuma wuri na farko a ƙasar da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya, a 1978. Abin da ke kawo yawancin baƙi garin ke nan.

Ni kuwa ɗan ƙanwata ne ya kai ni. Yana digiri na biyu a fannin injiniyancin injuna a jami'ar RWTH, kuma da uwarsa ta ji wani aiki zai kai ni Jamus sai ta ce lallai in leƙa in gano mata wane irin karatu ne wannan da ya hana yaro kiran gida sai Juma'a. Daga Kolon na hau jirgin ƙasa, tafiyar kusan awa guda zuwa yamma, har inda Jamus ta ƙare. Aachen a kan iyaka take. Akwai wani tudu a bayan gari inda Jamus da Beljiyam da Holan suka haɗu, ɗalibai kan hau keke su je can ranar Lahadi.

Jami'ar ba ta da katanga, ba ta da ƙofar shiga. Tana warwatse cikin gari, nan ɗakin lacca, can shagon burodi, gaba kaɗan cibiyar bincike. A garin da mutanensa ba su wuce dubu 250 da wani abu ba, ɗaliban RWTH sun haura dubu 40, don haka duk bas ɗin da ka shiga rabinsa matasa ne da jakunkuna a baya. An buɗe ta a watan Oktoba na 1870 da ɗalibai 223, lokacin da Aachen ke cin abinci da saƙar tufafi da ƙirar allura da haƙar kwal a kewayenta. Har yau 'yan asalin garin kan gaisa da ɗaga ɗan ƙaramin yatsa, al'adar da ta samo asali daga yaran da ke tsince allurai marasa kyau da wannan yatsa a masana'antu. Masu masana'antun nan ne suka buƙaci makarantar da za ta horar musu da mutane, kuma wannan asali bai bar ta ba.

Da muka zauna a ɗakinsa da dare na tambaye shi abin da ake nema kafin a ba mutum wannan digiri. Bai yi mini dogon bayani ba. Ya buɗe kwamfuta ya nuna mini takarda guda, dokar jarrabawa ta kwas ɗinsa, wadda kowa zai iya saukewa daga intanet.

"Kawu, duk abin da za su iya nema a wurina yana cikin nan," in ji shi. "Duk abin da ni ma zan iya nema a wurinsu yana ciki."

Wannan magana ita ce ta tsaya mini a rai duk zamana a garin, domin kowane abu da na gani daga baya ya gaskata ta.

Lissafin kansa mai sauƙi ne. Tun bayan yarjejeniyar Bologna ta 1999, ƙasashen Turai suka amince su riƙa auna karatu da ma'auni guda, kiredit, kuma a Jamus kiredit ɗaya yana nufin kimanin awa 30 na aikin ɗalibi: zaman lacca, da bitar gida, da shirin jarrabawa, duka a haɗe. Zangon karatu guda kiredit 30 ne, wato awa 900. A Aachen digirin farko na injiniyancin injuna zango bakwai ne, kiredit 210, na biyu kuma zango uku, kiredit 90, su haɗu su ba da 300. A wasu jami'o'in ƙasar rabon shida da huɗu ne, amma jimillar ɗaya ce. Cikin 90 ɗin nan, 60 na darussa ne, 30 na kundin bincike. Kafin wannan tsari, abin da Jamus ta sani shi ne digiri guda mai tsawo da ake kira Diplom, kuma tsofaffin injiniyoyi har yanzu suna alfahari da shi. Sabon tsarin ya raba shi biyu, amma bai rage masa nauyi ba.

Abin da ya burge ni a nan shi ne gaskiyar ma'aunin. An faɗa wa yaro tun kafin ya sa ƙafa cewa wannan takarda awa 2,700 ce ta rayuwarsa. Idan ya raba awannin zango a kan makonni zai ga aikin cikakken ma'aikaci ne, safe zuwa yamma. Ba wanda zai ce an yaudare shi.

Shiga ma tana da nata awon, kuma a nan ne baƙi da yawa ke tuntuɓe. Samun digiri mai daraja ta ɗaya bai isa ba. Kwamitin jarrabawa kan ɗauki takardar sakamakon mai nema da bayanin abin da aka koyar da shi a kowane darasi, ya jera su kusa da na digirin farko na Aachen, ya auna kamar yadda ake awon hatsi mudu-mudu a kasuwa: lissafi mai zurfi nawa ka yi, ilimin ƙarfi da motsi nawa, ilimin zafi da yadda ake juya shi ya zama aiki, gudanar ruwa da iska, halayen ƙarafa, zanen sassan inji, da ilimin sa na'ura ta daidaita kanta. Inda mudunka bai cika ba sai a ɗauke ka da sharaɗi, a ce ka koma ajin 'yan digirin farko ka ci waɗannan darussa. Idan giɓin ya wuce kiredit 30, ba a ɗaukar ka ko kaɗan. Ɗan ƙanwata ya sami sharaɗi a darussa biyu, na tafiyar zafi cikin abubuwa da na daidaita na'ura. Ya ce da farko abin ya sosa masa rai, ga shi da shekara biyar ta karatun injiniya a gida. Amma da ya shiga darussan digiri na biyu ya ga malami yana gini a kan waɗannan biyun ba tare da waiwaye ba, sai ya gane an yi masa gata ne.

Sannan akwai sharaɗin aikin hannu. Ɗalibin digirin farko a Aachen sai ya yi makonni da dama a masana'anta, shida daga ciki tun kafin ya fara karatu. A makonnin farkon nan ba ofis ake kai shi ba. Ana ba shi magagari da guntun ƙarfe ya goge har ya daidaita, ya koyi huda, da walda, da zubi, ya tsaya gaban injin sassaƙar ƙarfe, ya rubuta rahoton abin da ya yi. Wanda ya zo daga waje neman digiri na biyu shi ma sai ya nuna shaidar irin wannan. Watanni shida na SIWES da ɗaliban injiniya ke yi a Najeriya sun yi wa yaron namu rana, bayan ya kawo takarda daga kamfanin mai fayyace sassan da ya zauna da abin da ya taɓa da hannunsa. Na daɗe ina tunanin hikimar wannan. Wanda ya taɓa shan wahalar goge ƙarfe ba zai zana wa ma'aikaci abin da ba ya ƙeruwa ba.

Harshe kuma shi ne babban shinge. Yawancin kwasa-kwasan tsangayar injiniyancin injuna da Jamusanci ake yin su, sai mutum ya ci jarrabawar DSH a mataki na biyu ko TestDaF. Akwai na Turanci, amma da yawa daga cikinsu ana biyan kuɗi mai kauri. Na Jamusancin kuwa babu kuɗin makaranta, domin jihar da Aachen take ciki ta soke shi a 2011, kuma baƙo da ɗan ƙasa duk ɗaya ne. Abin da ake biya kowane zango ɗan sama da yuro 300 ne, kuma a cikinsa har da tikitin bas da jiragen ƙasa na kusa. Nauyin yana wajen biza: sai ɗalibi ya ajiye kuɗin cin shekara guda a wani asusu da ake sakar masa wata-wata, wanda tun daga 2024 ya kai yuro 11,904.

Washegari ya tafi da ni lacca. Ba wanda ya tambaye ni katin shaida. Muka shiga wani katafaren ɗaki mai kujeru hawa-hawa, farfesa ya shigo ba rakiya, ya ajiye jakarsa, ya fara. Ban ji Jamusanci ba, amma na ga hotunan haƙoran giyar inji da suka karye, na ga yana nuna inda tsagewar ta faro da yadda ta ci gaba. Ɗan ƙanwata ya raɗa mini cewa mutumin ya yi shekaru a masana'anta kafin ya dawo koyarwa, kuma haka al'adar take ga farfesoshin injiniya a Jamus. Da ya gama, maimakon tafi sai ɗalibai suka ƙwanƙwasa tebura da bayan yatsunsu, ɗakin ya ɗauki ƙara kamar ruwan sama a kan kwano, kowa ya tashi.

Ba a kiran suna a lacca. Babu gwajin tsakiyar zango a yawancin darussa, babu makin halarta. Kowane darasi yana da lacca, da zaman warware lissafi da mataimakan farfesa ke gudanarwa, da awannin da ƙofarsu ke buɗe ga mai tambaya. Sai jarrabawa guda a ƙarshe, ita ce komai. Zangon hunturu yana farawa a Oktoba, na bazara a Afrilu, jarrabawa kuma tana faɗowa ne cikin lokacin da ba a lacca, don haka abin da kalanda ta kira hutu shi ne lokacin da ɗakin karatu ya fi cika. Makin ma a juye yake: 1.0 ne mafi kyau, 4.0 ci da ƙyar, 5.0 faɗuwa.

A nan ne tsananin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Sau uku kawai ake ba mutum damar rubuta jarrabawar darasi. Wanda ya faɗi ta ukun, akan ba shi dama ta ƙarshe ya zauna gaban malamai su tambaye shi da baki, inda iyakar abin da zai samu shi ne 4.0. Idan wannan ma ta kuɓuce a darasin dole, karatun ya ƙare, kuma ƙofar wannan fanni a sauran jami'o'in ƙasar ma takan rufe. Ɗan ƙanwata ya ce duk wanda ke kan zama na uku za ka gane shi a fuska. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Amma dokar da ta tsananta ita ce kuma ta ba ɗalibi kariya, kuma wannan ɓangaren ne ya fi taɓa ni. Yana da ikon janye sunansa daga jarrabawa har kwana uku na aiki kafin ranar, ba tare da ya faɗi dalili ba. Bayan an fitar da sakamako kuma, ana sa rana ta musamman da kowane ɗalibi zai je ya ga takardarsa da aka duba. Na raka shi irin wannan zama, na tsaya a baranda ina kallo ta ƙofa. Ɗalibai a layi, kowa ya nuna katinsa a miƙo masa takardarsa, ya zauna ya bi ta tambaya bayan tambaya. Wanda ya ga an tsallake masa maki sai ya je gaban mataimakin da ya duba wannan tambaya ya nuna masa layin. Na ga wata yarinya da ba ta fi shekara ashirin da uku ba tana jayayya da wani malami a kan rabin shafi na lissafi, murya ƙasa-ƙasa, yatsanta a kan takarda. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ɗauki biro ya gyara. Ba ta durƙusa ba, shi ma bai ɓata rai ba. Ta ce ta gode, na bayanta ya matso. Na tsaya ina jin wani abu a ƙirjina, domin na san yawan hazikan yara a duniya da maki ɗaya ya canja wa rayuwa ba su taɓa ganin takardar da aka yanke musu hukunci a kanta ba.

Ranar Juma'a muka yi salla a Masallacin Bilal, kusa da tashar jirgin ƙasa ta yamma, tafiyar 'yan mintoci daga ɗakunan lacca. Ɗalibai Musulmi ne suka faro shi, aka fara gini a 1964, yana cikin tsofaffin masallatan Jamus. Sahu ya cika da Larabawa da Turkawa da 'yan Indonesiya da 'yan Afirka, da yawa da jakar kwamfuta a gefe. Daga nan muka hau bas zuwa Melaten.

Melaten fili ne a gefen gari inda manyan cibiyoyin bincike suke, kuma wanda bai je can ba bai ga dalilin duk waɗancan sharuɗɗa ba. Cibiyar injunan ƙira da ake kira WZL, wadda aka kafa a 1906, tana nan, ga cibiyar Fraunhofer ta fasahar ƙere-ƙere a maƙwabtaka, ga cibiyar nazarin motoci. Zauren da aka shiga da ni ya fi kama da masana'anta: ƙugiyar ɗaga kaya tana tafiya a saman rufi, injuna masu girman ɗaki suna sassaƙar ƙarfe a bayan gilashi, ruwan sanyaya yana feshi, ɓarɓashin ƙarfe yana zuba a kwando. An sa mini takalmi mai ƙarfe a baki kafin a bar ni in taka layin rawaya. Matasan da ke tsaye a gaban injunan masu neman digirin digirgir ne, kuma ma'aikata ne masu albashi, kowanne da aikin da wani kamfani ko hukumar bincike ta ba da kuɗinsa. A ƙarƙashinsu akwai ɗalibai da ake biya awa-awa su taya su aiki. Ɗan ƙanwata yana cikinsu. Aikinsa ɗaura na'urorin auna zafi da girgiza a jikin wani injin gwada giya, da tattara alƙaluman da suka fito. Da wannan yake biyan rabin kuɗin ɗaki, kuma da shi ya san mutumin da zai duba kundinsa.

Garin yana da tarihin irin wannan haɗuwa ta aji da maƙera. Hugo Junkers ya koyar a nan daga 1897 zuwa 1912, kafin kamfaninsa ya fitar da jirgin sama na ƙarfe zalla a 1915. Theodore von Kármán ya jagoranci cibiyar nazarin gudanar iska har ya koma Amurka a 1930. Farfesa Franz Pischinger ya kafa kamfanin FEV na binciken injin mota a 1978, yau yana da rassa a ƙasashe da dama. Motocin lantarki masu launin rawaya da gidan wayar Jamus ke raba kaya da su, StreetScooter, farfesoshi biyu na wannan jami'a, Achim Kampker da Günther Schuh, suka faro su a 2010, gidan wayar ya saye kamfanin a 2014. Ba duk abin da aka fara a nan ne ya yi nasara a kasuwa ba, amma ɗalibi yana tashi ne yana ganin cewa lissafin allo yana iya zama mota a kan titi.

Kundin bincike shi ne kashi ɗaya cikin uku na digirin, kuma ba a fara shi sai an cika sharuɗɗan shiga an ci yawancin darussa. Cibiyoyi kan lissafa batutuwan da suke neman mai yi, ɗalibi ya zaɓa ya je ya nema kamar mai neman aiki. Batutuwan ba na ƙirƙira ba ne don a cika ƙa'ida. Guntu ne na wata matsala da cibiyar ko wani kamfani ke jiran amsarta, shi ya sa mai dubawa yake bin aikin mako-mako, domin shi ma nasa binciken ya rataya a kai. Ranar da aka yi rajistar batu agogo ya fara bugawa: mako 22, wanda in ka lissafa da awa arba'in a mako zai kai ka kusa da awa 900 ɗin nan na kiredit 30. Malamai biyu ne ke ba da maki, ɗalibi kuma ya tsaya ya gabatar da aikinsa ya amsa tambayoyi. Wanda ya faɗi yana da dama guda ya sake, da sabon batu.

Na tambayi yaron ko zai gama cikin zango ukun da aka rubuta.

"Kawu, kaɗan ne ke gamawa a uku," ya ce. "Ni da sharuɗɗa biyu da aikin cibiya, biyar nake lissafi. Ka faɗa wa Umma kada ta ga kamar wasa nake."

Na gaya masa zan faɗa mata, kuma zan faɗa mata sauran abin da na gani: ɗakinsa ƙarami ne ƙwarai, ya sha wuya kafin ya same shi domin gidaje na ƙaranci a garin, ruwan sama ba ya ɗaukewa, a watan Disamba rana kan faɗi tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, kuma akwai makonnin da ba ya magana da kowa da Hausa. 'Yancin da aka ba ɗalibi a nan yana da kaifi. Ba wanda zai neme ka idan ka daina zuwa, kuma yaron da ya saba a tsaya a kansa yana iya ɓacewa shiru. Waɗanda suka tsira su ne suka sami ƙungiyar karatu, mutum uku ko huɗu da ke haɗuwa kullum suna warware tambayoyin shekarun baya. A tasa ƙungiyar akwai Bajamushe, da ɗan Indiya, da wata 'yar Tunisiya, kuma su ne suka ja shi ya ci darasin daidaita na'ura.

Idan ya gama, dokar Jamus ta ba shi wata 18 ya zauna ya nemi aikin da ya dace da karatunsa. Ya ce yana so ya yi 'yan shekaru a kamfanin da ke ƙera giyar injunan samar da lantarki daga iska kafin ya yanke shawarar abin da zai biyo baya. Batun kundinsa ma a kan wannan ne: yadda zafin mai ke shafar lalacewar haƙoran giya. Saura masa jarrabawa biyu a watan Fabrairu da Maris, kuma idan Allah ya sa ya ci, zai yi rajistar kundin a Afrilu ya miƙa shi a Satumba.